Wa ke biyan kuɗin yaƙin da ake yi a ƙasar wani? Muhawara kan Barkhane da aljihun ƙawayen Faransa

Malamin Tarihi:
Assalamu alaikum jama'a. Tun da sojojin Faransa na ƙarshe suka bar Nijar a watan Disamban 2023, yawancin abin da muke tattaunawa a nan bai wuce siyasa ba, wato wa ya kori wa, wa kuma ya ci amanar wa. Ina so mu duba lamarin ta fuskar aljihu, wadda ba a cika waiwayarta ba. A ganina Faransa ta ɗauki kayan da ya fi ƙarfin wuyanta tun ranar 11 ga Janairun 2013 da ta ƙaddamar da farmakin Serval kan 'yan bindiga a Mali, sannan ta shafe kusan shekara goma tana bin gidajen ƙawayenta tana neman wanda zai kama mata. Lokacin da Serval ta rikiɗe ta zama Barkhane a watan Agustan 2014, sojoji 3,000 aka ɗora wa lura da ƙasashe biyar, Muritaniya da Mali da Burkina Faso da Nijar da Cadi. Zuwa 2020 adadinsu ya kai 5,100, kuɗin aikin kuma ya doshi yuro biliyan ɗaya a shekara. Tambayata ita ce, shin ƙarancin kuɗi da rowar ƙawaye ne suka karya aikin, ko kuwa ko da an buɗe wa Faransa baitulmalin duniya ƙarshen labarin ɗaya ne?

Mai Shakka:
Wa alaikumus salam, Malam. Da girmamawa nake cewa ban gamsu da tushen tambayar ba. Kasafin tsaron Faransa a 2020 ya haura yuro biliyan 37, to ta yaya biliyan ɗaya zai zama kayan da ya fi ƙarfinta? Ni na fi ɗaukar kukan rashin kuɗin da ta riƙa yi a matsayin dabarar ciniki, irin ta ɗan kasuwar da ke rantsuwa ya faɗi alhali yana lissafin riba.

Ɗalibi a Liyon:
Yayana Mai Shakka, lissafinka daidai ne a kan takarda, sai dai kasafin tsaro ba tulu ba ne da ake kamfata a duk lokacin da aka ga dama. Mafi yawansa an riga an ɗaure shi da albashi, da makaman nukiliya, da kwangilolin jiragen ruwa da na sama waɗanda aka sa wa hannu shekaru da dama da suka wuce. Kuɗin ayyukan soja a ƙetare layi ne na daban, kuma a nan ne wasan yake. Daga 2014 zuwa 2017 majalisar dokokin Faransa tana ware yuro miliyan 450 ne kacal a shekara don wannan layi, alhali kowa a majalisar ya san abin da ake kashewa a Sahel da Iraƙi da Siriya da sauran wurare ya zarce biliyan ɗaya. Idan ƙarshen shekara ya zo, sai a bi ma'aikatu ana yankan kaɗan a nan kaɗan a can don cike giɓin, kuma ma'aikatar tsaro ita ma sai an yanki nata, yawanci daga kuɗin sayen sababbin kayan aiki. Ma'ana, motar sulken da ya kamata a saya bana ita ake jinkirtawa don a biya man da aka ƙona bara.

Dalilin wannan ɓoye-ɓoye kuwa shi ne ƙa'idar Tarayyar Turai wadda ta ce kada giɓin kasafin ƙasa ya wuce kashi 3 cikin ɗari na arzikin da take samarwa a shekara, ƙa'idar da Faransa ta daɗe tana karyawa ana yi mata gargaɗi daga Brussels. A watan Yulin 2017, sabuwar gwamnatin Emmanuel Macron ta zaftare yuro miliyan 850 daga kuɗin soja domin ta sauko ƙarƙashin wannan iyaka. Babban hafsan hafsoshin ƙasar, Janar Pierre de Villiers, ya yi ƙorafi a gaban kwamitin majalisa, maganar ta fito fili, shugaban ƙasa ya tsawata masa a bainar jama'a, shi kuma ya ajiye aiki ranar 19 ga watan. Idan kukan na ciniki ne kawai, ba na jin hafsan hafsoshi zai jefar da muƙaminsa a kansa. Sai daga baya ne aka riƙa ɗaga wancan layi a hankali har ya kai biliyan 1.1 a 2020.

Hajiyar Yamai:
Ni ba masaniyar kasafi ba ce, amma gidanmu bai yi nisa da filin jirgin saman Yamai ba, inda sansanin sojojin Faransa yake a da, don haka abin da ɗana na Liyon ya faɗa ya yi daidai da abin da idona ya gani. Mutane suna zaton kuɗin yaƙi harsashi ne, alhali mafi yawan abin da muka ga yana wucewa mai ne da ruwan sha na kwalba da kayan gyara. Akwai dare da yawa da ƙarar manyan jiragen dakon kaya ke tashe mu har tagogi suna rawa, da safe kuma a ga tireloli jere. Ayarin motocin sojojin Faransa da matasa suka tare a Tera a ƙarshen watan Nuwamban 2021, inda aka rasa rayuka uku, daga Abijan ya taso zai je Gawo, ya ratsa Kwaddibuwa da Burkina Faso da yammacin Nijar. Duk wanda ya taɓa yin safarar kaya a wannan hanya ya san abin da tafiya ɗaya take ci. Ga kuma rairayi da zafi da ke cinye injin mota da na jirgi kafin lokacinsu.

Malamin Tarihi:
Na gode, Hajiya. Maganar jiragen dakon kaya ta kawo mu kan abin da na fi so mu tsaya a kai. Faransa tana da sojojin da suka iya faɗa, amma tun ranar farko ba ta da isassun jiragen da za su kai su fagen fama. A makonnin farko na Serval, Amurka da Birtaniya da Kanada ne suka kawo manyan jirage samfurin C-17 suka kwashi sojoji da motoci zuwa Bamako, Amurka kuma ta riƙa shayar da jiragen yaƙin Faransa mai a sararin sama tare da ba ta bayanan leƙen asiri. Manyan jirage masu saukar ungulu kuwa Faransa ba ta da su sam, shi ya sa daga 2018 Birtaniya ta ajiye mata Chinook guda uku a Gawo, Denmark ma ta ara mata nata guda biyu na wani lokaci. Rundunar da ake yi wa kallon ta Faransa ce zalla, a zahiri tana tafiya ne da ƙafafun aro, kuma mun san kayan aro ba ya rufe katara.

An ga haka ƙarara a ƙarshen 2019, lokacin da sakataren tsaron Amurka Mark Esper ya fara nazarin rage sojojin ƙasarsa a Afirka domin mayar da kuɗi da hankali kan Sin da Rasha. A watan Janairun 2020, makonni biyu bayan taron birnin Pau inda Macron ya tara shugabannin Sahel biyar, sai da ministar tsaron Faransa Florence Parly ta tashi takanas zuwa Washington tana roƙon kada a janye tallafin. Ku tuna a wane yanayi aka yi wannan: sojojin Faransa 13 sun mutu a karon jirage biyu a Mali a watan Nuwamba, Nijar ta rasa sojoji 71 a Inates a watan Disamba, sannan 89 a Shinagodar a farkon Janairu. A daidai lokacin da wuta ta fi ci ne babbar ƙawar take lissafin ko ta ɗauke bokitinta.

Tsohon Akawu:
Malam, ka bar ni in shigo da ɓangaren da ya fi ci mini rai, wato rundunar haɗin gwiwa ta G5 Sahel, domin ita ce ƙofar da Faransa ta so ta fita ta cikinta. Dabarar ita ce a kafa runduna ta sojoji 5,000 daga ƙasashen biyar, a horar da su, a ba su kayan aiki, Faransa ta rage nata nauyin. An ƙaddamar da ita a Bamako a watan Yulin 2017, aka ƙiyasta tana buƙatar yuro miliyan 423 a shekarar farko, kowace ƙasa cikin biyar ɗin ta yi alƙawarin miliyan 10. Ragowar fa? Faransa ta so Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba rundunar izini a ƙarƙashin babi na bakwai na kundin Majalisar, wanda ke halatta amfani da ƙarfin soja, tare da kuɗi daga asusun wanzar da zaman lafiya, wanda kowace ƙasa ke biyan kasonta dole. Amurka ta ƙi, Birtaniya ma ba ta yi ɗoki ba. Dalilin a fili yake: a wancan lokaci a wannan asusu ana ɗora wa Amurka sama da kashi 27 cikin ɗari, majalisarta kuma ta daɗe da kafa dokar kada a biya fiye da kashi 25, yayin da kason Faransa bai wuce kimanin kashi 6 ba. Wato Faransa ce za ta tsara, Amurka ta biya kaso mafi tsoka, a lokacin da gwamnatin Trump ke neman a rage kuɗin ayyukan Majalisar baki ɗaya. Ƙudurin da aka zartar a watan Yunin 2017 sai ya tsaya kan yi wa rundunar maraba, ba izini ba kuɗi. Amurka ta ce ita za ta ba da dala miliyan 60, amma kai tsaye ga ƙasashen, ba ta hannun rundunar ba.

Daga nan aka koma yawon tara gudunmawa kamar na biki. Saudiyya ta yi alƙawarin yuro miliyan 100, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa miliyan 30, Tarayyar Turai ta ninka nata daga 50 zuwa 100, har a taron Brussels na watan Fabrairun 2018 aka sanar cewa alƙawura sun kai miliyan 414. Aka yi tafi. Kusan shekara biyu bayan haka jami'an Faransa suna ƙorafi a fili cewa na Saudiyya bai iso ba.

Na yi shekaru ina aikin lissafi a wani ofishi da ke karɓar tallafin ƙasashen waje, ba na soja ba, amma tsarin kusan ɗaya ne. Idan aka ce an ba ku miliyan kaza, kada ku zaci za ku ga kuɗi a asusu. Za a turo muku takarda ku rubuta abin da kuke buƙata, a mayar muku da ita sau uku don ba ku cika ta yadda suke so ba, sannan wata hukuma ta can ƙasarsu ta yi odar kayan daga kamfanonin ƙasarsu. Na taɓa jiran motoci huɗu wata goma sha huɗu, da suka iso kuma babu kuɗin mai a cikin yarjejeniyar, suka zauna a harabar ofis tayoyinsu suna sacewa. To ku ɗauki wannan ku ɗora a kan bataliyar da ke jiran rigunan sulke a kan iyakar Mali. Kafin kayan su gama isowa, an kai wa hedkwatar rundunar hari a Sebare a ƙarshen watan Yunin 2018, dole aka mayar da ita Bamako.

Mai Shakka:
Baba Akawu, na karɓi wannan, amma akwai abin da ka tsallake. Masu ba da tallafin ba haka kawai suka ƙi zuba tsabar kuɗi ba, ruwa ba ya tsami banza. Binciken da aka yi a ma'aikatar tsaron Nijar, wanda ya fito a 2020, ya nuna an yi asarar kimanin sefa biliyan 76 ta hanyar ƙara farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. Ɗan majalisar Jamus ko na Holan da ya karanta wannan, da wane baki zai gaya wa masu zaɓensa a ƙara?

Tsohon Akawu:
Ban musa ba, ɗana, kuma abin kunya ne da ba za mu ɗora wa kowa ba. Sai dai ka lura cewa tsarin jinkirin ya riga binciken, kuma yana da tushe a dokarsu. Yarjejeniyar Tarayyar Turai ta hana a kashe kasafin Tarayyar a kan ayyukan soja, asusun da suke tallafa wa Afirka da shi a lokacin kuma ba ya sayen bindiga ko harsashi. Suna iya ba ka mota da tanti da na'urar sadarwa, amma abin da za ka harba sai ka nemo da kanka. Sai a 2021 suka kafa sabon asusu na kimanin yuro biliyan 5 wanda ya halatta sayen makamai, kuma shekara guda bayan haka yaƙin Yukren ya ɓarke, mafi yawan kuɗin ya karkata can.

Tsohon Soja:
Ina bin ku tun ɗazu, kuma ina so in tunatar da matasanmu cewa wannan ba sabon abu ba ne, domin mu mun ɗanɗana shi a Laberiya da Saliyo a ƙarƙashin ECOMOG. Sunan rundunar na ƙasashen yammacin Afirka ne, amma mafi yawan sojoji da kuɗi na Najeriya ne, manyan ƙasashe kuma sai yabo da 'yan motoci. Da mulkin farar hula ya dawo a 1999, ɗaya daga cikin abubuwan farko da gwamnatin Obasanjo ta yi shi ne sanar da cewa ba za ta iya ci gaba da ɗaukar nauyin Saliyo ita kaɗai ba, dole Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓa. Sojan da ke rami ba ruwansa da wane asusu ne ke biya, abin da ya sani shi ne ko alawus ya zo ko bai zo ba, ko motar da za ta kwashe wanda ya ji rauni tana da mai ko babu. Na ga ranar da muka tura mota da hannu da majinyaci a ciki.

Cadi ma ta yi irin wannan kuka. A watan Yunin 2017 marigayi Idriss Deby ya fito ya ce idan ba a tallafa wa ƙasarsa da kuɗi ba zai janye sojojinsa daga ayyukan ƙetare, saboda faɗuwar farashin man fetur ta bar baitulmalinsa fayau. To ga wanda ya fi kowa ba da jini a yankin yana barazanar tafiya, ga wadda ta fi kowa kayan aiki tana nazarin tafiya, ita kuma mai jagorancin tana fama da Brussels kan kashi 3.

Ɗalibi a Liyon:
Baba Soja, ranka ya daɗe, wannan ya tuna mini yadda Faransa ta yi ƙoƙarin mayar da matsalar kasafinta ta zama ta Turai duka. Hujjarta ita ce tana yaƙi ne a madadin nahiyar, don haka ko dai a cire kuɗin yaƙin daga lissafin giɓi ko kuma a zo a taya ta. Bayan hare-haren birnin Paris na Nuwamban 2015, Shugaba François Hollande ya gaya wa 'yan majalisa cewa batun tsaro yana gaba da ƙa'idar kasafi, kuma Faransa ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da sashen yarjejeniyar Tarayyar da ke wajabta taimakon wadda aka kai wa hari. Jamus ta amsa, amma ta hanyar da majalisarta za ta iya haɗiyewa: ta ƙara sojojinta a rundunar MINUSMA ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Gawo, ba a Barkhane mai farautar 'yan bindiga ba. Da aka kafa rundunar Takuba a 2020 don haɗa zaratan sojojin Turai, Estoniya da Cek da Suwidin da Italiya sun zo, amma adadin bai kai dubu ɗaya ba, kusan rabi kuma Faransawa ne, Jamus da Sifaniya ba su tura kowa ba. Kowace ƙawa ta ba da abin da ba zai jawo mata gawa ko rigimar majalisa ba.

Malamin Tarihi:
Akwai misalin da ke nuna cewa wani lokaci hular roƙon tana cika. A yaƙin Tekun Fasha na 1991 Amurka ta kashe kimanin dala biliyan 61, ƙawayenta kuma suka ɗauki sama da biliyan 50, musamman Saudiyya da Kuwaiti da Japan da Jamus. Bambancin shi ne waɗanda suka biya suna ganin wutar a ƙofar gidansu ko a rijiyar man da suke sha, yaƙin kuma yana da ranar ƙarewa. Barkhane ba ta da ko ɗaya: mai ba da kuɗi a Riyad ko Berlin bai ga abin da zai rasa gobe ba, kuma babu wanda ya iya gaya masa shekara nawa zai yi yana biya.

Mai Shakka:
To Malam, da bakinka ka dawo kan maganata. Idan babu wanda ya iya faɗin ranar ƙarewa, matsalar ba ta aljihu ba ce, ta manufa ce. MINUSMA ta riƙa cin sama da dala biliyan ɗaya duk shekara daga asusun dole, ba ta jiran alƙawarin kowa, amma hakan bai hana sojojin da ke mulki a Bamako su sallame ta a 2023 ba. Kuma ba ministan kuɗi ne ya fitar da Faransa daga Mali ba, juyin mulkin 2020 da na 2021 ne, da zuwan sojojin hayar Rasha na Wagner, da korar sojojin Denmark a Janairun 2022, da fushin jama'ar da suka shekara tara suna ganin jirage a sama amma ƙauyukansu suna ƙonewa.

Hajiyar Yamai:
A nan ina tare da kai rabi, ƙanena. Amma ka tuna cewa Macron ya sanar da rage rundunar ne tun watan Yunin 2021, kafin a kore su, kuma wannan sanarwa ce firaministan Mali na lokacin, Choguel Maiga, ya kafa hujja da ita a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya cewa an yasar da su a tsakiyar tafiya, don haka za su nemi wasu abokan. Wanda ya gaji da biya shi ya fara nuna alamar tashi, shi kuma mai masauki ya riga shi buɗe ƙofa. Ban ga yadda za a raba biyun ba.

Tsohon Akawu:
Hajiya ta faɗi abin da ke bakina. Zan ƙara abu guda ga Mai Shakka, tunda lissafi ne sana'ata. A 2023 majalisar Faransa ta amince da yuro biliyan 413 don tsaro daga 2024 zuwa 2030, adadin da ya zarce na shirin da ya gabata mai biliyan 295 nesa ba kusa ba. Kuɗin da aka ce babu a 2017 ya samu da zarar barazanar ta matso gabashin Turai. Abin da aka shekara shida ana nema kuma, wato a biya rundunonin Afirka daga asusun dole na Majalisar Ɗinkin Duniya, Kwamitin Sulhu ya amince da shi a watan Disamban 2023, har zuwa kashi 75 cikin ɗari, ga ayyukan da Tarayyar Afirka ke jagoranta. A farkon watan Disamban 2023 ɗin ne Nijar da Burkina Faso suka sanar da ficewarsu daga G5 Sahel, Mali kuwa ta riga ta fita tun watan Mayun 2022.

Tsohon Soja:
Alhaji Akawu, ina da tambaya gare ka kafin in tafi masallaci. Ragowar kashi 25 ɗin da ƙudurin ya bari, wa aka ce zai biya, kuma a cikin ƙasashen namu wace ce ta sa shi a kasafinta na bana?